Ranar da Aka Kira Ni Hular Kwanona Tana Ƙarƙashin Benci

Ƙannena da ke buga ƙwallon Amurka a makarantun sakandare da kwalejoji, musamman masu neman gurbin kwatabak, ku matso in ba ku labarin yadda na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa. Ina ɗan shekara 12 Baba ya kwaso mu daga Zariya zuwa jihar Tekzas, inda daren Juma'a gari kan watse ya koma filin wasan sakandare. A nan na koyi jifa, har wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke ni. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ta yi mini laifin komai ba.

Ga wanda bai san wasan ba, kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo daga hannun santa, wato ɗan wasan da ke tsakiyar sahun gaba, a farkon kowane hari, ya faɗa wa sauran mutum goma dabarar da za a yi, sannan ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu. Mutum ɗaya ne ke riƙe wannan gurbi a fili. Na biyu yana tsaye a gefe kamar golan benci a ƙwallon ƙafa, sai dai shi nasa jiran bai cika yin tsawo ba, domin ƙarti ne masu nauyin buhun masara da ɗoriya ke faɗa wa na ɗayan kowace Asabar.

A atisayen Maris da Afrilu na 2014, wanda doka ta ƙayyade wa zama 15, kowa ya san na ɗayanmu, ɗan ajin ƙarshe ne kuma ba mai taɓa shi. Gurbin na biyu ake nema, tsakanina da wani yaro ɗan Oklahoma da zan kira Dogo. Na fi shi ƙarfin hannu, wannan ko shi bai musa ba. Ina iya aika ƙwallo yadi 60 ta sauka inda nake so, shi kuwa in ta wuce 45 sai ta fara rawa a sama kamar shirwa ta sha iska. Saboda haka na shiga atisayen da tunani ɗaya: in nuna hannu. Duk lokacin da aka ba ni dama sai na nemi jifa mai nisa, ko da mutum biyu na gadin mai karɓa, alhali ga wani can kusa da ni, yadi biyar, ba kowa a kansa. In ta shiga, 'yan wasa su yi ihu, in ji kaina ya yi girma. Dogo shi dai 'yar gajeren jifarsa yake yi, in ya ga hanya ta toshe ya wurga ƙwallon waje. Ni har dariya nake masa a zuci, ina cewa matsoraci.

Da aka gama, kocin kwatabak ya kira ni ofis ya juyo mini da wata takarda. A zama 15, sau bakwai abokan hamayya suka cafke jifata. Dogo sau ɗaya. Ya ce, "Ba wanda zai ci mini wasa nake nema a gurbin nan ba. Wanda ba zai zubar mini da wasan da aka riga aka gina ba nake nema. In na juya na kira ka a tsakiyar wasa, so nake gabana kada ya faɗi." Aka liƙa jerin sunaye a ƙofar ɗakin sauya kaya, ina na uku.

Wannan kuskuren na farko mai gyaruwa ne. Wanda ya kashe ni shi ne abin da na yi bayansa.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Maimakon in zauna da bidiyon jifa bakwai ɗin nan in ga me idona ya kasa gani, sai na ɗora wa Dogo karan tsana. Na daina zama kusa da shi a ɗakin kallon bidiyo. Na fara 'yan gunaguni a wurin cin abinci, wai koci na son kai ne, wai don yaron ya iya fadanci. Ku sani, a tawaga ba a yin gulma ta kwana. Kafin gari ya waye ta isa kunnen wanda aka yi dominsa. Da kaka ta zo aka tura ni tawagar kwaikwayo, wato masu kwaikwayon abokan karawar mako don masu tsaron bayanmu su yi atisaye a kansu, sai na riƙa yin aikin kamar an sa ni dole. Kocin masu bugun ƙafa ya ce in zo in koyi riƙe wa mai bugu ƙwallo, aikin da sau da yawa kwatabak na benci ke yi, kuma yana sa mutum ya taka fili kowane mako. Na ce ni ba riƙo ya kawo ni ba. Kundin dabarunmu kuwa, da ake ƙara wa sabbin shafuka kowane mako, ya koma matashin kai. A raina, na uku ba ya shiga wasa, to wahalar me zan yi?

Wata Asabar a watan Oktoba, na ɗayanmu ya faɗi a kan kafaɗa tun kafin hutun rabin lokaci, aka fita da shi. Dogo ya shiga. A wannan lokacin na zama na biyu, amma ko ƙwallo ban ɗauka na ɗumama hannu ba. Saura kamar minti uku a tashi, ana binmu maki huɗu, muna tafe da ƙwallo, sai aka yi karo hular kwanon Dogo ta fice. Dokar wasan kwaleji ta ce wanda hularsa ta fita a tsakiyar wasa sai ya fita na hari ɗaya, sai fa in tawagarsa ta ɓatar da hutun neman shawara a kansa. Hutu ɗaya ya rage mana, koci kuma yana tattalinsa don daƙiƙun ƙarshe. Sai na ji an ƙwala sunana.

Hulata tana ƙarƙashin benci, bayan jarkar ruwa. Na rarumo ta ina gudu ina ɗaure maɗauri. Na isa cikin da'irar 'yan wasa, ido goma sha biyu ko fiye a kaina, na juya gefen fili don in karɓi alama. Mutum uku ne ke yin alamun da hannu, biyu na ɓad da sawu ne, ɗaya ne na gaskiya, kuma a makon nan an sauya na gaskiyar. An faɗa a taron Talata. Ina wurin, amma hankalina yana kan waya. Na ga ɗaya ya taɓa hula, ɗaya ya shafa ƙirji, ɗaya yana juya hannu. Agogon daƙiƙa 25 da aka ba mu mu fara harin yana ci. Santa ya ɗago ya dube ni ta cikin ƙarafan hularsa ya ce, "Faɗi mana mana!" Bakina ya bushe. Da agogo ya kai uku, na ɗaga hannu na nemi hutun da koci ke ɓoyo. Tunda an yi hutu, Dogo ya samu damar dawowa, ni kuma na sake gudu na fita. Ko taɓa ƙwallon ban yi ba. Daga baya na ji dabarar da aka aiko: in karɓa in miƙa wa mai gudu ta dama. Abin da yaron firamare zai yi. Lokaci ya ƙare mana a yadi takwas daga gidan abokan karawa, ba mu da abin tsayar da agogo.

Da daddare na kira Baba ina ta kame-kame, ina cewa ai ku ma kun san ba a ba ni atisaye da 'yan sahun farko. Ya bari na gama, ya ce, "Kai, ba a fafe gora ranar tafiya. Alamar ma sai an ba ka atisaye kafin ka haddace ta?" Na yi shiru.

Abin da ya ƙara mini ciwo, a wannan kakar ce Cardale Jones na Jami'ar Jihar Ohayo ya nuna wa duniya abin da na uku zai iya. Na ɗayansu, Braxton Miller, ya ji rauni a kafaɗa a watan Agusta, na biyu, J.T. Barrett, ya karye a idon sawu a wasansu da Mishigan a ƙarshen Nuwamba. Jones, wanda bai taɓa fara wasa a kwaleji ba, ya shiga suka lallasa Wiskonsin 59 da nema, suka doke Alabama 42 da 35, suka cinye Oregon 42 da 20 a Janairun 2015 suka ɗauki kofin ƙasa. A ɗakin kwana na kalli wasannin uku, kowanne kamar ana mari na.

To ga abin da zan ce muku. In kuna takarar na biyu, ku fara sanin me ake aunawa. Koci yana duba wanda zai shiga ba shiri ya jera mutane daidai, ya karɓi ƙwallo daga santa ba ta faɗi ba, ya san inda matsi zai fito. Ƙarfin hannu yana zuwa ne a bayan waɗannan. Bayan atisaye ku roƙi santan sahun farko ya ba ku ƙwallo ko sau goma ne, domin kowane santa da yadda yake miƙowa. In na ɗaya yana atisaye, ku tsaya bayansa da nisa kuna faɗin dabarar a ranku, kuna zaɓen inda za ku jefa. Kuma wanda kuke takara da shi, ku zauna kusa da shi. Dogo ya san abubuwan da ban sani ba, kuma da na tambaya da ya faɗa mini. Shi ba ya riƙe da ni, ni kaɗai nake dambena.

Zancen sauya makaranta kuwa, yanzu ya yi sauƙi tun da aka buɗe rajistar masu neman sauyi a Oktoban 2018, kuma ban ga aibun tafiya ba. Joe Burrow ya karya ƙashin hannu a Agustan 2017 yana tsakiyar takarar na biyu da Dwayne Haskins a Ohayo, gurbin ya kuɓuce masa. Ya kammala digirinsa, ya koma LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana, a 2018, a kakar 2019 ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan kwaleji da kofin ƙasa. Jalen Hurts na Alabama kuma an zaunar da shi a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe a Janairun 2018, Tua Tagovailoa ya shiga ya ci wa Alabama kofi. Hurts ya yi kakar da ta biyo baya yana na biyu bai tayar da ƙura ba, har ranar 1 ga Disamba da Tua ya ji rauni a karawarsu da Jojiya, ya shiga ya juya wasan suka ci 35 da 28. Sai bayan nan ya tafi Oklahoma da digirinsa a hannu. Su biyun sun fita ta ƙofa, ba ta taga ba. Kociyoyi suna kiran juna a waya, kuma tambayar farko ita ce yaya yaron yake in ba shi ke wasa ba. Da an yi wannan tambayar a kaina a 2014, ba makarantar da za ta karɓe ni ko kyauta.

Ban tafi ba. Ranar Litinin bayan wancan wasan na je wurin kocin masu bugun ƙafa na ce ko aikin riƙon nan yana nan. Ya dube ni ya daɗe, ya ce an ba wani, amma in ina so in zo in zama na biyunsa. Shekarar da ta biyo baya Dogo ya zama na ɗaya, wani sabon yaro ya zama na biyu, ni kuma na yi kakar ina durƙushe a kan gwiwa ɗaya, yadi bakwai bayan santa, ina kafa wa mai bugu ƙwallo da ɗan yatsa. Sau 41 aka miƙo mini ita a shekarar, ba wadda ta faɗi.