Kafin ka ɗora wa ƙaramar fowil babban inji

Ƙanena, idan kana da ƙaramar motar daji irin Suzuki Samurai kuma ranka ya fara raya maka cewa injinta ya yi kaɗan, ka tsaya ka tambayi kanka: yaushe ta fara gazawa? Yawancin masu wannan ƙorafi, idan ka bi diddigi, za ka tarar ƙarfin ya tafi ne ranar da suka canja taya.

Samurai ta fito daga kamfani da inji mai lita 1.3, ƙarfin doki sittin da 'yan kai, ita kuma motar gaba ɗayanta ba ta cika tan ɗaya ba. Tayarta ta asali tsayinta kusan inci 26 ne. Ka cire ta ka sa mai inci 31, ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin da ke isa ƙasa, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya same ni ke nan. Na ga giya ta biyar ta zama ba ta da amfani, ko ɗan tudu sai na sauko ta uku, na ɗora wa inji laifi. Maganin da ya kamata in nema yana cikin ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Giyarsa ta ƙarfi, wadda ake sawa a wuri mai wuya, 2.27 ce daga kamfani (girman lambar, yawan ƙarfin da ke isa taya), ana kuma samun haƙoran canji masu 4.16 har zuwa 6.5, waɗanda suke sassauta giyar gudu ita ma, su mayar maka da wani ɓangare na abin da taya ta cinye. Motar da aka yi wa wannan aiki tana hawa dutse a hankali da ɗan injinta, ƙafarka ba ta ko danne totur.

Ni kuwa V6 mai lita 4.3 na Chevrolet na nemo. Na ƙarfen zubi ne, ya ninka na Suzuki nauyi, domin na Suzukin na alminiyom ne, kuma duk nauyin nan a kan aksul ɗin gaba ya sauka. Sifirin ya kwanta, sitiyari ya yi tauri, a yashi hancin motar ya riƙa nitsewa a wuraren da da can take bi ta sama kamar ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo har yau. Rashin nauyi shi ne dukiyar ƙaramar fowil, shi ke sa ta wuce inda manya suke kafewa, ni kuma da hannuna na raba ta da shi.

Daga nan sai ɓarna ta kama layi. Giyabos na Samurai ba zai ɗauki jujjuyawar wannan inji ba, dole injin ya zo da nasa, wanda ya fi tsawo. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita biyu ne da ɗan ɗoriya, don haka duk abin da ya ƙaru a gaba, farfelar baya, wato sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, ita ke biya: ta gajarce, ta karkace, ta kama rawa tana cin kuros. Da aka shawo kan wannan, sai mahaɗin da ke cikin aksul ɗin gaba ya fashe, ina cikin lanƙwasa sitiyari a kan dutse na ba ta wuta. Mutane sukan koma aksul ɗin Toyota saboda wannan, shi ma da nasa nauyin da faɗin. Kowane abu a motar nan an auna shi ne da ɗan'uwansa. Ka ƙarfafa ɗaya, mai bi masa a rauni shi zai karye, kuma a daji zai karye, nesa da gareji.

Zafi ma na raina shi. A titi iska na dukan lagireto, allurar zafi tana zaune lafiya, ka ɗauka aiki ya yi. A daji tafiyar hawainiya kake yi da giyar ƙarfi, inji na aiki sosai, iska babu. Gaban motar kuma ba shi da wurin da babban lagireto zai zauna da fankarsa yadda ya kamata. Ka auna wannan fili da tef tun injin bai shigo hannunka ba, ka auna tsakanin kaskon baƙin mai da aksul idan sifirin ya matse iya matsewa, ka duba inda salansa za ta bi ba ta gasa bututun birki ba.

Ban ce kada a taɓa canja inji ba. Idan ka gyara giya, ka auna matsin silindojinka ka ga lafiya suke, amma har yanzu a titi manyan motoci na hura maka ƙaho, akwai canjin da nake ganin ya dace: injin Suzuki Vitara mai lita 1.6. Dangi ɗaya ne da na asali, nauyinsu ba shi da nisa, da faranti na haɗi yake kama giyabos ɗinka. Mai bawul 8 yana ba da kusan doki 80, mai bawul 16 kusan 95. A motar da ba ta kai tan ba, wannan ƙari za ka ji shi a bayanka, sauran kayan kuma za su iya jurewa idan ƙafarka na da hankali.

Ko shi ɗin, kada ka sayi inji tsirara. Ka karɓo shi da kwamfutarsa, da wayarin ɗinsa cikakke ba a yanke ba, da na'urorin da ke kai mata saƙo, duk daga mota ɗaya. Na ɓata watanni ina bin wayoyin da wani ya datse da almakashi. Inji mai allurar mai irin wannan, wato wanda ke fesa mai da matsi maimakon kafireto, yana son famfo mai matsi sosai, ninkin na kafireto sau da yawa, da bututun da zai jure shi da kuma hanyar mayar da rara cikin tanki. Tiyon kafireto a wannan wuri gobara ce ke jiran lokaci, kada ka yarda bakanike ya ce maka zai yi.

Birki shi ake fara gyarawa, tun kafin inji ya shiga. Motar gajeriya ce, doguwa a tsaye, an kuma ɗaga ta da manyan tayoyi. Gudun da ƙaramin injinta ya hana ta, babba zai ba ta, ita kuma ba a gina ta don kwana da gudu ba. Ka tuna kana ɗaukar mutane a ciki.

Sai takardu. Ƙasashe da yawa suna rubuta lambar inji ko girmansa a rajistar mota, wasu ma sai an duba aikin kafin a bar ta hau titi. Ka tambayi hukumar da ke rajista da kamfanin inshorarka tun ba ka kwance noti ko ɗaya ba, ka kuma ajiye rasit ɗin injin da lambarsa a jiki. Tsohon injin ma kada ka yi saurin sayar da shi. Ka zuba masa mai, ka toshe ƙofofinsa, ka rufe shi a wuri busasshe har sabon ya yi shekara yana aiki.