Kwana Uku A Hanya Muna Nema Wa Ɗan Maigidana Jami'a

Ranar wata Laraba a farkon Nuwamba, ina idar da sallar asuba na tayar da mota na nufi Riverdale, unguwar da ke gefen Bronx a birnin Niyok, ta wajen kogin Hudson. Na tarar da maigidana a bakin ƙofa da baƙin gilashi a fuska. Aikin ido aka yi masa, likita ya hana shi tuƙi mai nisa, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kai wa mutane magani gida-gida daga kantinsa. Bayahude ne mai riƙo da addininsa, ba ya buɗe kanti ranar Asabar ko da za a ba shi duniya. Alhaji yake kirana, kamar yadda ya ji 'yan'uwanmu na Gana da Nijar suna kirana in sun zo sayen magani.

Ɗansa ya fito da wani akwatin sanyi da ya kusa rinjayarsa. Abincin kwana uku ne a ciki, uwarsa ta shirya, don da zarar an bar birnin Niyok samun abincin da ya halatta gare su, wanda suke kira kosha, sai an yi da gaske. Yaron yana da shekara 17, yana ajin ƙarshe na sakandare, da 'yar hularsa ƙarama maƙale a keya. Ya ce, "Abba, ka ɗauko takardar?" Duk shekarun nan ban daina jin wani abu a raina ba in na ji kalmar nan a bakinsu. Da Ibrananci ma uba Abba ne.

Matsalar da ta fito da mu ita ce maki. A Amurka ana auna sakamakon sakandare a kan ma'aunin da ke tsayawa a 4.0, yaron kuwa bai cika 3.0 ba. Jarrabawar SAT da ake yi a kan maki 1600 ma tsaka-tsaki ya samu. Ba daƙiƙi ba ne. In lasifika ta lalace a majami'arsu shi ake kira, in kwamfutar kanti ta ƙi aiki shi ke tashe ta. Amma zama ya haddace darasi ba nasa ba ne. Yayarsa kuwa tana ɗaya daga cikin jami'o'in da ake faɗin sunansu da alfahari, kuma na sha ganin yadda maigida ke sauya magana in abokansa suka tambaye shi ina ƙanen zai nema.

Muka bi babbar hanya mai lamba 78, cikin awa biyu muka isa Allentown a jihar Pennsylvania, inda kwalejin Muhlenberg take. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne makarantar Kirista ce ta asali, ta ɗarikar Lutheran, an kafa ta a 1848, amma an daɗe da saninta da yawan ɗalibai Yahudawa. Ba ta tilasta wa mai nema ya kawo makin SAT, tun shekarun 1990 ta sassauta wannan. Ɗalibar da ke zagayawa da baƙi ta nuna mana ɗakin karatu da filin wasa, maigida yana gyaɗa kai kawai. Da muka shiga ɗakin cin abinci ne ya cire gilashinsa.

A cikin babban zauren da kowa ke ci, akwai wurin bayar da abincin kosha guda biyu, ɗaya na nama, ɗaya na kayan madara. A addininsu ba a haɗa nama da madara, ba a tukunya ba, ba a faranti ba, har cokali kowanne da nasa. Maigida ya tsaya ya karanta takardar shaidar da aka liƙa a bango layi-layi, ya duba sunan hukumar malaman da ke sa ido a kan girkin. Ni abin da na lura da shi daban ne: yaro zai karɓi abincinsa ya je ya zauna teburi ɗaya da abokan ajinsa. Duk wanda ya taɓa zama a kusurwa shi kaɗai yana cin burodi da gyaɗa saboda bai yarda da naman da aka dafa ba, ya san girman wannan. Na yi irin zaman nan a shekarata ta farko a ƙasar nan.

Kuɗi ne ya sanyaya mana jiki. Irin waɗannan ƙananan kwalejoji masu zaman kansu, abin da suke rubutawa a takarda kan haura dala dubu 70 a shekara in an haɗa da ɗaki da abinci, ko da yake da yawa daga cikin ɗalibai ana yi musu ragi. Jami'o'in gwamnatin jihar Niyok kuwa, kuɗin karatu kaɗai ga ɗan jiha dala dubu bakwai ne da 'yan kai. Maigida ya rubuta lambobin biyu a bayan takardarsa, ya daɗe yana kallonsu.

Da yamma muka miƙa arewa, muka ratsa Scranton muka hau hanya mai lamba 81. Yaron ya yi barci a baya, a nan ne uban ya buɗe cikinsa. Ya ce kakansa ya ci jarrabawa sosai amma ƙofar manyan jami'o'i ba ta buɗe masa ba. A 1922 shugaban jami'ar Harvard, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawan da za a ɗauka, lokacin da suka haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗalibai. Ba a amince da ƙayyadewar a fili ba, sai aka biyo ta bayan gida: aka shigo da duba "hali", da wasiƙun shaida, da ganawa ido da ido, yadda za a iya mayar da wanda ba a so ba tare da an faɗi dalili ba. 'Ya'yan baƙin haure da yawa sai suka cika City College ta Niyok, wadda karatu kyauta ne a cikinta har zuwa 1976. A shekarar 1948 al'ummarsu ta kafa jami'ar Brandeis kusa da Boston, ta buɗe ta ga kowa.

"Alhaji," ya ce, "mu an rene mu ne a kan cewa maki shi ne garkuwarmu. In aka rufe ƙofa, da maki za ka ɓalle ta. To ga ɗana ba shi da garkuwar." Ban ce komai ba na ɗan lokaci. Daga baya na ce masa, "Maigida, yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba, kuma duk da su ake cin tuwo."

Mun kwana a wani masauki a bakin Binghamton. Da gari ya waye na ga abin da ban taɓa gani kusa-kusa ba duk zamana da shi. Ya ɗaura wani ƙaramin baƙin akwati na fata a damtsensa na hagu, ya naɗe igiyarsa sau bakwai a hannu, ya ɗora wani a saman goshi, ya lulluɓa da farin mayafi mai geza. Ɗan ma ya yi haka a gefensa, da sauri irin na wanda ya saba. Su suna fuskantar gabas wajen Ƙudus, ni dardumata tana nan shimfiɗe inda na bar ta, ta ɗan karkata arewa maso gabas.

Jami'ar Binghamton ta gwamnatin jiha ce, kuma duk abin da yaro Bayahude zai nema akwai shi a can. Akwai Hillel, ƙungiyar ɗalibai Yahudawa da aka fara a jami'ar Illinois a 1923, wadda yanzu take da rassa a ɗaruruwan makarantu. Akwai gidan Chabad, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, inda malami da matarsa ke buɗe ƙofa ga ɗalibai kowace Juma'a da dare, kuma a nan ne aka fara al'adar tara ɗalibai dubu a walimar Asabar guda. Sai dai masu neman shiga sun yi yawa, kuma makin waɗanda ake ɗauka ya yi wa na yaronmu nisa. Shi da kansa ya duba alƙaluman, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce zai nema duk da haka, in ba a samu ba ba a yi asarar komai ba sai kuɗin fom.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai wata ƙaramar kwaleji ce da muka biya a ranar, ba zan ambaci sunanta ba. Kyakkyawa ce, a kan tudu, mutanenta masu fara'a. Ita ce wadda kusan babu shakka za ta ɗauke shi, har da alamar ragin kuɗi mai tsoka. Takardarsu ta ce akwai abincin kosha. Da muka nemi gani, sai aka buɗe mana firji: kwalaye ne daskararru a jere, da na'urar ɗumama abinci guda ɗaya da kowa ke amfani da ita. Yaron ya zaro takardarsa ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar ɗakin kwana da katin lantarki ake buɗe ta, shi kuwa ba ya taɓa lantarki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar, ko za a ba shi makulli na hannu? Ana samun maza goma, adadin da ibadarsu ta jam'i ba ta tsayuwa sai da shi? Majami'a mafi kusa ana iya zuwa a ƙafa? Bukukuwansu na sabuwar shekara da ranar azumin gafara suna faɗowa a Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da karatu ya kankama, in jarrabawa ta faɗo a ranar fa? Matar da ke amsawa ba ta ɓoye komai ba, yawancin amsoshinta a'a ne.

A mota maigida ya fara lissafin ragin kuɗin da babbar murya. Ya ce shekara huɗu ce kawai, mutum kan daure. Yaron ya yi shiru har muka hau titi, sannan ya ce, "Abba, in ka kawo ni nan, wata uku zan yi in daina komai. Na san kaina." Uban bai sake maganar wurin ba. A ganina wannan magana ta fi duk makin da bai samu ba. Ɗan shekara 17 da ya san inda rauninsa yake, har ya faɗa wa mahaifinsa, ba yaron da za a ji kunyar ambatonsa ba ne.

Akwai tambayar da ba ta cikin takarda, amma maigida ya yi ta a kowace makaranta, kuma ɗalibai yake tarewa ya yi wa, ba jami'ai ba: "Kana sa hularka a aji?" Tun bayan 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza harabar jami'o'in Amurka ta ɗauki zafi. Ni da shi ba mu taɓa ɓoye wa juna cewa ra'ayinmu a kan yaƙin ya sha bamban ba, ya san abin da hotunan yaran Gaza suke yi wa zuciyata. Amma tsoron da ke idonsa na san shi. A Nuwamban shekarar aka harbi ɗalibai Falasɗinawa uku a Burlington ta jihar Vermont suna tafiya a titi. 'Yata ta fari da hijabi take zuwa makaranta, saura shekara biyu ita ma ta nemi jami'a.

Safiyar Juma'a muka tsaya a Amherst ta jihar Massachusetts, ba don makaranta ba. Maigida ya so ɗansa ya ga cibiyar littattafan Yidish da Aaron Lansky ya kafa a 1980, wadda ta ceto littattafai sama da miliyan ɗaya daga juji da ɗakunan ajiya. Yidish harshen kakanninsu ne na gabashin Turai, ɗan'uwan Jamusanci, amma da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi daga dama zuwa hagu. Na ɗauki ɗaya na buɗe, takardarsa ta yi ja don tsufa, sai na tuna kundin ajami na kakana da ban san inda ya shige ba.

Daga nan rana muke tsere da ita. Suka jira ni a mota a ƙofar wani masallaci kusa da Hartford har aka idar da Juma'a, sannan muka shiga jami'ar Hartford wajen ƙarfe biyu da rabi. An kafa ta a 1957, tana ɗaukar masu matsakaicin maki, tana da cibiyar nazarin Yahudanci, kuma an san ta da makarantar kiɗa ta Hartt. Garin West Hartford tsohon mazaunin Yahudawa ne, cibiyar al'ummarsu ma titi ɗaya take da jami'ar. Da aka leƙa da mu wani ɗakin haɗa sauti, yaron ya manta da takardarsa, ya shiga yi wa ɗalibin da ke wurin tambayoyi a kan na'urorin. Sai da uban ya nuna masa agogo sau biyu.

Gidan ƙanwar maigida muka sauka a garin, a can za su yi Asabar. Minti 18 kafin faɗuwar rana ta kunna kyandir biyu ta rufe idonta da tafin hannu. Wayoyi duk aka kashe aka zuba a aljihun tebur. Na yi magariba a ɗakin baƙi, mazan suka taka zuwa majami'a suka dawo, aka ce ba zan tafi ba sai na ci abinci. Ni ruwan inabi marar giya aka zuba mini. Kafin a yanka burodin da aka kitsa kamar gashin amarya, maigida ya miƙe ya ɗora hannayensa biyu a kan ɗansa ya karanta masa albarka, kamar yadda suke yi wa 'ya'yansu kowane mako. Ya gama karatun bai ɗauke hannun ba, har ƙanwar ta kawar da kai.

Ni kaɗai na koma Bronx a daren. Da safe ina share mota na tsinci takardar tambayoyin yaron a ƙarƙashin kujera, duk ta yamutse. Na shiga da ita gida na kira 'yata, muka zauna a teburin kicin. Inda ya rubuta kosha ta soke ta rubuta halal, inda ya rubuta Asabar ta rubuta Juma'a da sallolin Idi. Ta ɗan yi tunani, ta ƙara layi biyu a ƙasa da hannunta: wurin alwala, da ko ɗakin cin abinci yana buɗewa lokacin sahur.