Ranar da aka toshe gangaren laburare

Ranar Litinin da safe na tura kekena na guragu zuwa laburaren makarantarmu kamar kullum, sai na tarar an kewaye gaban ginin da langa-langa. Gangaren da na shekara biyu ina hawa yana can cikin shingen, an jibge masa buhunan siminti. An manna takarda da kibiya, wai a bi ta ƙofar baya. Na zagaya, na iske matakala huɗu.

Ba ginin nake ƙi ba. Muna buƙatar sabon ɓangaren laburaren da ake ginawa, mu ma za mu zauna a ciki. Abin da ya ci mini rai shi ne, wanda ya tsara hanyar wucin gadin mai tafiya da ƙafa kaɗai ya tuna.

Bayan kwana uku leburori suka jingina katako biyu a kan matakalar. Na gode musu, don da zuciya ɗaya suka yi. Sai dai gangare yana da ƙa'ida: hawan mita 1 yana son tsawon mita 12. Matakalar nan ta kai kusan santimita 60, ke nan ana buƙatar gangaren da ya haura mita 7. Nasu bai kai mita 2 ba. Sau ɗaya na gwada, ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga sama, ba don wata ɗaliba ta riƙe ni ta baya ba, da ƙeyata ta sha ƙasa.

Abokina da ba ya gani ya fi ni shan wuya. Shi hanya a kansa take, ya haddace ta da ƙirgen taku da gefen dakalin da sandarsa ke bi. Yanzu kowane mako sai an sauya ta. An haƙa ramin bututu an zagaye shi da leda mai ja da fari, wadda sanda ke wucewa ta ƙarƙashinta ba ta ji komai ba. Shinge mai ƙarfi da ya sauko har ƙasa yake buƙata, da saƙo a waya tun kafin a taɓa hanyar.

Na rubuta wa ofishin kula da gine-gine. Na ambaci sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wanda ya sa makarantu cikin wuraren da dole kowa ya iya shiga. Na roƙi kada a sake rufe gangare sai an gama madadinsa, kuma a kira mu mu gwada shi da kekunanmu.

Saura mako uku jarabawa. Har yanzu a ƙofar baya nake tsayawa, abokan karatu su miƙo mini littattafai.