Kunda da noti: yadda na daina asarar kibau

Bara da kaka na yi asarar kibau wajen bakwai a gonar kawuna can bayan Rigachikun, duk saboda kurege. Ka harba mai tsini, in ka kuskure ta shige ƙarƙashin ciyawa ko ta kafe a reshen ɗorawa can sama, in kuma ka samu ta farke cikin ɗan naman gaba ɗaya sai wari. Kawu yana kallona yana dariya, wai "ɗan nan, mu da kunda muke yi, kai ka zo da kibiyar yaƙi."

To kundarsu ta da, wato kibiya marar tsini, kan icce ake sassaƙa mata, ni kuma ban iya sassaƙa ba, sai na gangara Panteka na tsinto notika wajen masu tsofaffin ƙarafa, kuɗinsu ko na kwanon shinkafa da wake bai kai ba. Wanda ya fi min shi ne notin da sufana 13 ke kamawa, raminsa milimita 8 ne, nauyinsa wajen giram 5, daidai kaurin kyauro mai kyau. Na sufana 10 ya yi ƙanƙanta, sai dai kurciya.

Ka ɗan kankare bakin kyauron, ka ɗiga sufa gulu, ka murɗa notin a hankali yana cin hanyarsa da kansa. Amma fa aikin na gaske a bayan notin yake, nan ne na sha kashi, don ta farko da ta bugi kututture notin ya zame baya ya tsaga kyauron biyu. Dole ka naɗe wajen da zare mai ƙarfi kamar tsawon yatsa, ka shafe da gulu, ka bar shi ya kwana. Ni har ƴar robar tsohon tiub ɗin keke nake ɗaurawa a goshin, tana sa kibiyar ta yi tsalle maimakon ta nutse a ciyawa.

A Amurka kwanson harsashi wasu ke kifawa a kan kibiya, mu nan wallahi kar ka soma, a gan ka da shi a shingen jami'an tsaro bayani zai yi tsawo.

Ita kundar duka take yi ba yanka ba, shi ya sa sai daga kusa, kuma kan dabbar ake nema, sannan wuƙa na aljihu don a yanka da wuri. Zomo babba kam wani lokacin girgiza kunne kawai yake ya ƙara gaba.