Zurfin haƙori ne ke yanke mitar filasmon na jabu

A mitar haske, zinariya da azurfa na riƙe igiyar hasken a samansu saboda kaɗawar elektiron ɗinsu; wannan igiya mai bin saman ƙarfe ita ake kira filasmon. A mitar maikrowef kuwa ƙarfe ba ya barin igiya ta shige shi. A 10 GHz, shigarta cikin jan ƙarfe bai kai maikromita 1 ba, don haka shafaffen faranti ba ya kama ta sosai. A 2004 Pendry, Martín-Moreno da García-Vidal suka nuna cewa idan aka huda ƙarfen da ramuka ƙanana da ba su kai tsawon igiyar ba, zai riƙe igiya mai halin filasmon, wadda ake kira filasmon na jabu. A 2005 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila suka tabbatar da hakan da bututun tagulla cike da kaki.

Yau an fi yin filasmon na jabu a kan allon da'irar lantarki: siririn layin jan ƙarfe mai haƙora kamar mataji. Abin da za ka fara lissafawa shi ne zurfin haƙorin, domin igiyar na tsayawa kusa da mitar da zurfin ya zama kwata na tsawonta. Zurfin milimita 5 a iska na ba da kusan 15 GHz. Allon da ke ƙarƙashi zai sauke wannan adadi, saboda haka ka gwada a kwamfuta kafin ka kai a zana. Tazarar haƙoran ta zama ƙasa sosai da tsawon igiyar, wanda yake santimita 3 a 10 GHz.

Inda aka fi faɗuwa shi ne mashiga, wato wurin da igiyar ke shiga layin mai haƙora. Idan ka haɗa layin om 50, wato layin sigina da aka saba amfani da shi, kai tsaye da haƙora masu cikakken zurfi, yawancin ƙarfin zai dawo baya, don tafiyar igiyoyin biyu ba ɗaya ba ce. Maganin shi ne haƙoran su fara gajeru, su riƙa zurfafa sannu a hankali, farantin ƙasa (ground) da ke gefen layin kuma ya riƙa buɗewa gefe. Kada ka yi rowar tsawo a wannan wuri.

Kada kuma ka yi aiki dab da mitar tsayawa. Can igiyar ta fi manne wa ƙarfe, amma tafiyarta na raguwa, asara na hauhawa. Irin allon ma na da tasiri: allon FR4 da arha, sai dai ma'aunin asararsa kusan 0.02 ne, na allon Rogers RO4003C kuwa 0.0027, kuma bambancin zai fito fili a S21, wato awon ƙarfin da ya ratsa layin ya fita ɗaya ƙarshen. Lokacin awo ka ɗora allon a kan soso, ka janye hannu, domin filin igiyar na waje a iska, yatsa ma na iya karkatar da sakamakon.