Abin da tsohon man giya ya koya mini

Ina shekara ta biyu a koyon kanikanci aka kawo mana wata tsohuwar motar ɗaukar kaya mai giyar otomatik, tafiyarta ta haura kilomita 300,000. Mai ita ya ce tun da ya saye ta ba a taɓa canza man giya ba, a canza masa. Maigidana ba ya nan, sai na kwance kwanon da ke ƙasan giyar, na tsiyaye tsohon mai, na sa sabon filta, na zuba sabon mai ja wur. Bayan kwana huɗu mutumin ya dawo ransa a ɓace. Idan ya taka totur inji sai ya yi ta kuka, motar kuwa tana jan ƙafa kafin giya ta kama. A wurinsa magana ɗaya ce, lafiya lau ya kawo motarsa, mu muka kashe ta.

Maigida bai yi mini faɗa ba, tambaya ya yi. "Da ka zaro sandar awo, me ka gani? Ka shinshina?" Na ce, "Baƙi ne, Oga, yana ƙauri." Ya ce, "Ka tuƙa ta kafin ka sa spana?" Na yi shiru.

Ranar na fahimci cewa aikin mai a giyar otomatik ya wuce sa ƙarafa su yi santsi. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa giya, shi ke matse faifan kuloci da ke ciki, shi ke kwashe zafi. Faifan nan suna da wani siririn shafi mai kama da takarda, wanda ke cinyewa da tafiya, garinsa ya gauraya da mai. A giyar da ta riga ta gaji, wannan gurɓataccen mai mai kauri shi ne ɗan abin da ya rage yana sa faifan su kama. Da ka zubar da shi, ciwon da ke ɓoye sai ya fito fili. Giyar mutumin ta jima da lalacewa, sabon mai tona ta kawai ya yi. Laifina shi ne na ga baƙin mai, na ji ƙauri, ban tsaya na gaya masa abin da ke iya biyo baya ba.

Tun daga nan ba na taɓa kwanon tsohuwar mota sai na tuƙa ta, da sanyinta da kuma bayan ta yi zafi, ina lura da yadda take shiga ribas. Sannan in ɗiga man a farin ƙyalle. Idan ja ne ko ruwan ƙasa kuma babu ƙauri, ina canzawa hankali kwance. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga, wannan kuwa ya fi ƙarfin canjin mai.

Cikin kwanon ma yana ba da labari. Akwai mayen ƙarfe a ƙasansa. Laushin toka-toka da ya manne masa ba abin tsoro ba ne, amma idan yatsanka ya ji ɓarɓashin ƙarfe, to wani abu yana cin kansa a ciki, kuma mai mota ya kamata ya zo ya gani da idonsa.

Kwance kwano yana fitar da kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabin man, sauran yana maƙale a kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, da kuma bututun sanyaya mai. Da ina ganin wannan rabin aiki ne. Yanzu ga tsohuwar mota shi na fi so: a canza kaɗan, ta yi tafiya, a sake. Na'urar wanke giya gaba ɗaya ba na kusantar da ita ga motar da ta daɗe ba a kula da ita ba, don hanyoyin mai na ciki ƙanana ne, ɗan datti da ya taso ya isa ya toshe su.

Irin man ma ba a yi masa cinta. Jan launin nan rini ne kawai. Dexron na General Motors daban, Mercon na Ford daban, ATF+4 na Chrysler daban, sai a bi abin da littafin motar ya ce. A yawancin motoci ana auna shi ne inji na aiki, ya yi zafi, motar na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. In ya yi yawa kumfa yake yi.

Abin da ke damuna shi ne masu jin irin labarina su ce ai tsohuwar mota ba a canza mata man giya. Da an canza wa waccan a kan kari, da faifanta ba su ƙone ba. Da muka sauke giyar muka buɗe a gaban mai ita, maigida ya miƙa masa faifai ɗaya. Shafin ya cinye tas, ƙarfe zalla ya rage, zafi ya mai da shi shuɗi. Mutumin ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ce a gyara.