Laraba a wajen Rolins, ni da Baƙa da tumaki

Kwana na tara a gonar.

Iska ce ta tashe ni yau tun kafin kiran sallar da na saita a waya, tana dukan kwanon ɗaki kamar mai bin bashi. Awon sanyi ya nuna 24 ƙasa da sifili. Na ɗumama ruwa na yi alwala a gurguje, na yi Asuba, sannan na shiga aikin da ya fi cin lokaci a nan, wato sa kaya: wando biyu, riga huɗu, safa biyu, hula mai rufe kunne, safar hannu. Ni ne fa wanda a Katsina in hunturu ya kankama nake maƙalewa a bakin murhu ina cewa yau sanyi zai yi kisa. Allah ya yafe mini wancan ƙorafin.

Hutun makaranta ne ya kawo ni. Ina karatun kiwon dabbobi a Larami, jihar Wayomin ta Amurka, sai aka haɗa ni da wani dattijo mai tumaki a wajen garin Rolins in yi mako uku ina taya su aiki. Gona dai na kira wurin don rashin wata kalma. Fili ne fetal iya ganinka, ba bishiya ko ɗaya, sai gajerun tsirrai masu ruwan toka da ke leƙowa ta cikin dusar ƙanƙara. In ka murza ganyensu ƙamshin tazargade za ka ji, kuma dama 'yan gida ɗaya ne da ita.

Rana ba ta leƙo ba sai wajen bakwai da rabi. Muka loda damman ingirici a a-kori-kura, dattijon yana tuƙi a hankali, ni ina baya ina yanke igiya ina tura ciyawar ƙasa yanki-yanki har ta yi dogon layi. In ka jibge ta wuri ɗaya ƙarfafa ne za su cinye, raunana su kwana da yunwa. Tumakin irin Rambuye ne, masu ulu, asalinsu Faransa. Duk wanda ya saba da Balami da Uda da 'Yankasa, in ya fara ganinsu zai ɗauka katifu ne aka yi wa ƙafafu. A Disamba aka sake musu raguna, cikin tunkiya kuwa wata biyar ne, don haka haihuwa za ta faɗo a Mayu, daidai fitowar sabuwar ciyawa. Daga nan na ɗauki gatari na je fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin ruwa. Yau kaurinta ya kai faɗin tafin hannuna.

Amma kan karnuka nake son yin rubutu, don su suka cika mini kai yau.

Iri biyu ne a nan, kuma aikinsu bai haɗa hanya ba. Akwai manyan fararen nan guda uku, irin na tsaunukan Firanis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, kowanne ya kai ɗan maraƙi. Su ba a ba su umarni. Tun suna 'yan kwikwiyo ake ajiye su cikin 'yan tumaki, su tashi suna ganin garken danginsu ne, su kwana tare da shi a kan ƙanƙara, dare ya yi su yi ta haushi don koyoti, wani ɗan uwan dila da ya fi kowace dabba yi wa masu tumaki ɓarna a Amurka. Dattijon ya ce a zamanin mahaifinsa guba ake zubawa, sai da gwamnati ta hana amfani da ita a filayenta a 1972 mutane suka koma ga irin waɗannan karnuka. Tumaki ba sa tsoronsu ko kaɗan. Na ga wata tunkiya ta tsallake ɗaya yana barci, ko ido bai buɗe ba.

Sai kuma Baƙa. Tana da sunanta na Turanci, ni dai haka nake kiranta a raina. Irin boda koli ce, 'yar siririya, farin ƙirji, ba ta kai rabin ɗaya daga cikin fararen ba. Ita kuwa da zarar ta sauko daga mota garke gaba ɗaya ya ɗaga kai. Ba ta haushi, ba ta cizo. Sunkuyar da kai take yi, ta kwantar da kafaɗu, ta kafe tumakin da ido, sai ka ga dabba kusan dubu tana matsawa kamar ruwa ya sami gangare. Dattijon fito kawai yake yi. Akwai fiton zagaya ta hagu, akwai na dama, akwai na kwanta, akwai na shi ke nan dawo. Ya ce kusan duk karnukan wannan iri daga tsatson wani kare suka fito, Old Hemp, da aka haifa a 1893 a arewacin Ingila kusa da iyakar Sikotland. Ya faɗi sunan da girmamawa kamar mai ambaton kakansa.

Abin ya sa na tuna makiyayan gida. Bafulatani yakan shiga gaba da sandarsa a kafaɗa, ya yi kira, dabbobi su bi shi don sun san muryarsa. A nan daga baya ake kora, kuma tsoron ido ne ke yin aikin. Ban ce wani ya fi wani ba, amma na ga dalili: mutum biyu ne kacal da wannan garke a filin da ba ka ganin ƙarshensa.

Da hantsi aka ce za a mayar da su wani shinge mai kwari, saboda ana sa ran iska za ta ƙaru da dare. Aikina shi ne in buɗe ƙofa in matsa. Na buɗe, amma ban matsa yadda ya kamata ba, na tsaya daidai inda na gaba-gaba ke hango ni. Suka turje. Na baya suka danno, garke ya murɗe ya fara komawa inda ya fito. Baƙa ta yi wani dogon zagaye cikin ƙanƙarar da ta kai mata ciki, ta sake tattaro su, ta kwanta, sannan ta waiwayo ta dube ni. Wallahi kallon da malamin allo yake yi wa yaron da ya ɓata wanki. Dattijon ya ɗaga murya cikin iska: "Ɗana, koma bayan mota!" Na koma. Minti uku ba a yi ba suka shige.

Yadda suke ƙirga ma abin lura ne. Ba wanda zai tsaya lissafa dubu a wannan sanyi. Sukan sa baƙar tunkiya ɗaya a cikin kowace ɗari, sai a ƙirga baƙaƙen, in ɗaya ta ɓace an san akwai wani gungu da ya ware. Yau baƙaƙe sun cika. Sai dai makiyayin da ke zama da garken, wani ɗan ƙasar Peru mai ƙarancin magana, ya lura ɗaya daga cikin fararen karnukan bai biyo ba. Ya ce ba banza ba.

Muka bi sawu ni da shi da Baƙa. Can bayan wani tudu muka tarar da karen zaune, kusa da shi tunkiya ce a rigingine cikin wani ɗan rami, ƙafafu huɗu a sama. Haka ulu ke yi musu. Na wata tara ne a jikinta, in ta mirgina ta faɗa a bayanta ba ta iya tashi, ciki ya kumbura da iska, in ba a gani da wuri ba ta mutu. Muka juyo ta, ya riƙe ta a tsaye tsakanin gwiwoyinsa yana murza mata ƙafafu har jini ya dawo. Ta yi tangaɗi, ta yi fitsari, ta kama hanya. Farin karen ya miƙe ya bi bayanta, bai ko kalle mu ba.

Makiyayin ya ja ni ɗakinsa shan shayi. Ɗaki ne a kan tayoyi, mai rufi kamar rabin ganga, da gado da murhun itace da 'yar taga, ana jansa duk inda garke ya koma. A nan Rolins ɗin ake cewa wani maƙeri ya fara ƙera irinsa a 1884. Turancinsa kaɗan ne, Sifaniyancina bai wuce gaisuwa ba, muka yi ta nuna wa juna hotunan gida a waya. Ya daɗe yana kallon ragon layyarmu na bara, yana shafa hoton da yatsa, yana tambayar ina ulun.

A nan ne abin ya faru. Na cire safar hannu ina ɗumama yatsu, sai na ji abu mai ɗumi a bayan hannuna. Baƙa ce ta lashe ni. Na zabura har shayi ya zube, ita ma ta ja da baya ta kwantar da kunnuwa. Na san karatun sarai: hadisi ya yi rangwame a kan karen kiwo da na farauta da na gona, kuma a Malikiyyar da muke bi yawun kare mai rai ba najasa ba ne. Amma abin da aka saba da shi tun yarinta ba ya jin karatu. Tun ina ƙarami kare abin jifa ne a unguwarmu. Na fita na goge hannun da dusar ƙanƙara, ina jin kunyar makiyayin, ina jin kunyar karyar ma.

Biyar ba ta cika ba rana ta faɗi. Bayan Isha'i na tura wa Inna saƙon murya na ba ta labarin tunkiyar da ta faɗa rami. Yanzu amsarta ta shigo, ta tashi sallar dare ke nan a can. Ba ta ce komai a kan tunkiya ba. Cewa ta yi: "Kai da karnuka kuma? To, Allah ya tsare. Ka dai ware kayan sallarka daban."

Na ware, Inna, tun ranar farko.

Iskar da aka ce za ta zo ta iso. Ina jiyo haushin fararen daga kwari, sama-sama. Baƙa tana barandar ɗakina a kan tsohon buhu, inda ba ta taɓa kwana ba sai yau. Na ajiye mata ragowar naman da ban ci ba a bakin ƙofa, a murfin gwangwani.